Rihu ko Ruhu

Litinin, 5 ga Oktoba, 1992. Hantsi.

Sun tafi da shi jiya bayan la'asar. Mutum uku ne, da farar mota mai buɗaɗɗen baya. Sun ɗauki gangar, sun ɗauki kaskon turare, har da farin tob, wato lulluɓi, na ƙawata Larai da ta shanya a igiyarmu. Shayin da na zuba masa yana nan ƙarƙashin rumfa, ƙuda sun cika kofin, na ƙi zubarwa.

Kowa a Gadarif, nan Sudan, Usta yake ce masa, wato gwani, don shi ke gyaran tarakta a gonakin Gedambaliya. Ni ma haka nake ce masa shekara tara. Yau zan rubuta sunansa: Sale. Sale mijina ne, ni ce Hanatu 'yar Malam Gado, kuma ba mu ɗauki ko allurar wani ba.

Da boko nake rubutu, Hausar da Baba ya koya min. In sun dawo bincike su ɗauka su karanta in gani. Ko sun juya littafin sama ko ƙasa, duk ɗaya ne a wurinsu.

Litinin, magariba.

Na gano inda yake. Gidan nan mai shuɗiyar ƙofa na jami'an tsaro, bayan kasuwar dawa. Na jera masa abinci a amud, kwanukan ƙarfen nan masu hawa uku da yake tafiya gona da su, na je na bi layin mata. Wata tsohuwa a gabana ta juyo ta dube ni, ta ce, “Sabuwa ce ke. In sun karɓi kwanon, yana ciki kuma yana ci. Ranar da suka ce koma da shi, sai ki fara tambaya.”

An karɓa.

Talata, 6. Safe.

Kisra, wainar dawar nan mai faɗi kamar takarda, ta ƙi ni. Duk wadda na shafa sai ta yage, na ɓata ƙullun rabin kwano. Ni da mata ke zuwa kallon hannuna ranar biki. Mutanen nan ƙarfen da ake gasa kisra a kai doka suke ce masa, Baba har ya mutu yana dariyar sunan. Yanzu doka biyu ke ƙona ni, ta murhu da ta gwamnati.

Da na je karɓo kwanukan jiya na buɗe su tun a hanya. Ya tsince albasa ya tara a gefe, kamar kullum. Shekara tara ina masa faɗa a kan albasar nan. Yau na tsaya a tsakiyar titi ina kallonta kamar an aiko min wasiƙa. Ba askari mai gadin ƙofa ne ya cinye ba, shi ne ya ci.

Laraba, 7. Azahar.

Bari in rubuta abin da muke yi ranar Lahadi, ko don in ga laifin da idona.

Mu bakwai ne in an cika. Ni, Usta, ƙawata Larai, wata Bahabashiya mai sayar da jabana, wato kofi, a tasha, da leburori uku 'yan Kudu masu yankan riɗi. Muna zama a rumfa bayan la'asar. Ina kunna turare saboda sauro, wanda ya san Gadarif a ƙarshen damina ba zai tambaye ni dalili ba. Usta yana ɗan taɓa ganga. Muna waƙa, wani da Hausa, wani da Larabci, wani da yaren da ban ji, muna roƙon Ruhu Mai Tsarki ya sauko ya zauna tare da mu. Larai mai saurin kuka ce, wani lokaci ta durƙusa tana hawaye. Daga nan shayi. Shi ke nan fa.

To ashe wanda ya leƙo ta darni, ga abin da zai gani: ganga, turare, mace cikin farin tob tana kuka a ƙasa, ana ta cewa sauko, sauko. Ya ce zar muke yi, borin mutanen nan, wanda aka hana bana. Ni ban taɓa zuwa gidan zar ba ko da ɓatan kai.

Alhamis, 8.

An karɓa. Albasa ta dawo.

Jumma'a, 9. Bayan an sauko masallaci.

Inna Batulu ta zo, uwarsa. Rabonta da ƙofar gidan nan tun ranar da ɗanta ya zaɓi hanyar da ya zaɓa. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa na gaishe ta. Ba ta dube ni ba. Ta dubi kofin shayin nan mai ƙuda, ta ce, “Na Ɗan'auta ne?” Na ce nasa ne, Inna. Ta ɗauka ta zubar, ta wanke da kanta, ta kife. Ta nemi buta, ta tambaye ni gabas, ta yi salla a tsakar gidana. Ta daɗe hannunta a sama. Na san wanda take roƙawa, ni ma shi nake roƙawa, sai na zauna a bayanta har ta shafa.

Da za ta tafi ta ce, “Yayanku Rufa'i yana kan maganar. Abin da ya ce ki yi, ki yi.”

Asabar, 10. La'asar.

Yaya Rufa'i ya zo daga kasuwa, jallabiyarsa duk ƙaiƙayin dawa. Dillali ne, ya san mutane, har cikin gidan shuɗiyar ƙofa yana da wanda yake gaisawa da shi. Bai zauna ba.

Ya ce, “Hanatu, Allah ya rufa mana asiri da kuskuren wanda ya kai ƙara. A takarda an rubuta rihu kuke kira. Kin san rihu?”

Na ce na sani, Yaya. Iska. Ta masu zar.

“To madalla. Za a kira ki a matsayin matar gida, ki sa hannu a kan haka. Shirmen mata ne, miji ya biye musu. Su fasa gangar, su yi masa faɗa, in abin ya yi tsanani 'yan bulala, ya dawo gida kafin a gama yankan riɗi.”

Na ce, ai ba rihu muke kira ba. Ruhu ne.

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya rage murya, ya ce, “Ke kina da katin coci na ubanki daga Zariya, a cikin addinin aka haife ki, ba mai taɓa ki. Shi fa? Ɗan Batulu, jikan alhaji da ya tako daga Haɗeja da ƙafa. In kika ce ruhu, za su tambaya ruhun wa, kuma me ya kai shi. Wannan tambayar ba ta gidan shuɗiyar ƙofa ba ce, sama take tafiya. Kin san sunanta a dokarsu, kin san ƙarshenta.”

Na sani. Ba zan rubuta sunanta a nan ba.

Na yi makaranta har aji shida, na iya rubuta kalmomin biyu da Larabci. Rihu: ra, ya, ha. Ruhu: ra, wau, ha. Harafin tsakiya ne kawai ya raba su. Ɗaya mai ɗigo biyu a ƙasa, ɗaya mai ɗan kai kamar ludayi.

Lahadi, 11. La'asar.

Na share rumfa, na jera kujeru bakwai. Larai kaɗai ta zo, ta bayan gida, ta lulluɓe har ido. Ban ga laifin sauran ba. 'Yan Kudu ba su da kowa a garin nan, Bahabashiya takardar zamanta ma rabi ce.

Larai ta ce mu yi addu'a a ɗaki, a hankali. Na ce rumfa ce wurinmu. Ta ce to ban da waƙa. Na fara waƙa. Murya tana rawa kamar ta tunkiya, amma na ɗaga ta yadda za a ji a bayan darni. Ba ganga, sai na kife kwano ina bugawa da cokali. Larai tana jan zanena tana cewa Hanatu don Allah, can kuma sai na ji ta kama amshi tana kuka.

In zunubi ne taurin kai, to yau na yi shi da gangan.

Talata, 13. Safe.

An karɓa. Kisra uku sun yage.

Mutane suna tsammani jaruma ce ni don ina da baki. Ƙarya ne. Ƙadangare ya faɗo daga jinka sai na yi tsalle. Tun ranar Lahadin can cikina bai tsaya ba, in mota ta rage gudu a ƙofar gida sai in ruga ɗaki. Baba yakan ce Ruhu shi ne mai ƙarfafa zuciya, mai kwantar da hankali. To ina yake? Yau na tambaye shi baki da baki ina tsugune gaban murhu. Na ce kai ne aka kama mijina saboda sunanka, kai kuma ka yi shiru ka bar ni da zawo. Ban ji kunyar faɗa ba. In yana cikina kamar yadda aka koya min, ai ya riga ya ji tun ban buɗe baki ba.

Alhamis, 15. Hantsi.

Na gano wadda ta jawo mana. Ummusalama, maƙwabciyarmu ta bayan darni. Da kanta ta shigo, idanu jajur, ta tsuguna a bakin murhu ta kama ƙafata.

Na yi niyyar in wanke ta tas. Kwana goma ina shirya kalmomin da zan jefa wa ko wane ne. Sai ta ce, “Wallahi ya Hanatu ban kai ƙara ba. So nake in shiga.” Wai ciwon kai ya dame ta shekara biyu, matar da take yi mata zar an rufe gidanta, sai ta ji ganga da turare a gidanmu ta ce Allah ya kawo sauƙi kusa. Kunya ta hana ta tambayata, ta je famfo tana tambayar mata ko sun san abin da ake kawo wa shehiyar Hausawa, wato uwar zar. Ni ce fa shehiyar. Daga famfo magana ta yi ƙafa.

Dariya ta ƙwace min, ina yi hawaye na zuba. Rabona da dariya tun ranar.

Ta ce, “To wa kuke ce wa ya sauko?”

Na ce Ruhun Allah ne. Ba ya hawa kan mutum ya kayar da shi, ba ya canza masa murya. Shiga yake ya zauna a ciki, ya riƙe ki lokacin da ƙafa ta ƙi ɗaukarki.

“Me yake nema? Jan tob? Rago?”

Na ce ba ya neman kome.

Ta yi tsaki, ta ce, “Wane irin rihu ne wannan mai arha haka?”

Na ce shi ya sa ba rihu ba ne.

Da ta tafi na shafa mata man zafi a goshi, na ba ta sauran kwalbar. Sai da na koma gaban doka na lura da abin da bakina ya faɗa mata. Ni da shekaranjiya nake masa rashin kunya, yau ina ba da shaidarsa. Kisra biyar a jere ba wadda ta yage. Ta shida ta yage da na tuna Yaya Rufa'i.

Asabar, 17. Azahar.

Ba a karɓa ba.

Askarin ya tura amud ɗin da ƙafa, ya ce koma da shi. Na ce ina yake? Ya ce na gaba.

Asabar, la'asar.

Na zauna da kwanukan a cinyata. Ban buɗe ba. Ban yi addu'a ba, sunansa kawai nake kira. Sale, Sale, Sale.

Lahadi, 18. Safe.

An karɓa. Kwanon ya dawo da albasa a gefe. Na zauna a ƙasa a bakin kasuwar dawa, masu ɗaukar buhu suna kewaye ni suna cewa hanya, ya hajja, hanya.

Yaya Rufa'i ya ce jan kunne ne. Sun gaji da jira. Ranar Laraba ƙarfe tara za a kira ni.

Ba wanda ya zo da la'asar, ko Larai. Mijinta ya hana ta. Na jera kujerun duk da haka, na yi waƙa ni kaɗai. Daga bayan darni na ji Ummusalama ta daina daka har na gama.

Litinin, 19. Hantsi.

Inna ta dawo. Wannan karon ta dube ni.

Tsohuwa ce da ta haura saba'in, ta haifi tara ta binne biyar. Ta sauko daga kan tabarma ta durƙusa a gabana a kan ƙasa. Na ce Inna don girman Allah ki tashi, na kama ta, ta ƙi.

Ta ce, “'Yar nan, ban taɓa roƙonki kome ba. Kin ɗauke min shi sau ɗaya, na haɗiye. Kada ki ɗauke min shi sau biyu.”

Na ce Inna, ba ni na ɗauke shi ba.

“Na ji. Harafi ɗaya ne, in ji Rufa'i. Ni ban yi karatun boko ba, amma na san Allah zuciya yake dubawa. Naku bai san zuciya ba ne? Zai ƙi ki saboda ɗigo biyu a takardar gwamnati?”

Har yanzu da nake rubutu tambayarta tana kunnena. In da wuyana ne a kan takardar, da magana ta ƙare. Wuyansa ne, kuma ba a bar ni na ga fuskarsa in tambaye shi ba. Wace ce ni da zan yi jarunta da ran ɗan wata?

Na ce mata na ji, Inna. Ta tashi.

Talata, 20. Magariba.

Zan sa hannu.

Na rubuta don kada gobe in ce ban faɗa ba. Zan sa hannu ya dawo, in ya so ya yi fushi da ni a cikin gidansa. Na gaya wa Ruhu haka. Na ce ka san ba da kai nake ba, ka san ba iska ba ne kai, ka yafe min in da abin yafewa. In kuma ba haka kake so ba, ni dai na gaji, ƙarfina ya ƙare, sai ka zo ka yi da kanka.

Laraba, 21. La'asar.

Zan rubuta a hankali, yadda ya faru.

Na tashi da asuba na yi kisra. Ban lura da kome ba sai da na ƙirga: goma sha biyu, ba ko ɗaya da ta yage. Na ce ƙila don na yanke shawara ne hankalina ya kwanta.

Yaya Rufa'i ya raka ni. A hanya yana ta maimaita min: kada ki yi magana, in ya tambaye ki ki ce na'am, ki sa hannu mu fito. Na ce to, Yaya.

Ɗaki ne ƙarami, fanka tana juyawa ba iska. Jami'in ba tsoho ba ne, yana shan shayi, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya turo takarda da biro, ya ce, “Nan, ya hajja. Ko dangwale za ki yi?” Na ce na iya rubutu. Ya ce to madalla.

Da na dangwala da babban yatsa, da yanzu wani labari nake rubutawa. Amma wanda ya iya karatu idonsa ba ya tambayarsa izini. Na karanta. Sun rubuta cewa a gidanmu muna taruwa muna kiran rihu. Wannan na san da shi. Layi na biyu shi ne Yaya bai gaya min ba, ƙila shi ma bai sani ba: wai na shaida abin da muke kira ƙazanta ne, na tuba, kuma ba zan ƙara kiransa ba har abada.

Ba zan ƙara kiransa ba. Wanda na yi wa rashin kunya a gaban murhu bai tafi ba. Wanda Baba ya kira da numfashinsa na ƙarshe a asibiti.

Ban ji murya ba, ban ga haske ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Abin da ya faru shi ne, cikina da ya yi kwana goma sha bakwai yana juyawa ya tsaya cak. Na ji kamar an sauke min tulu daga kai. Na dubi hannuna a kan tebur, ba ya motsi ko kaɗan. Tsoron yana nan, ina ganinsa, amma ya koma gefe ya zauna kamar baƙon da ba a ba shi tabarma ba.

Na ɗauki biro. Na soke ya ɗin da ɗigonta biyu, na rubuta wau a samanta, babba. Na ja layi a kan layi na biyu tun daga farko har ƙarshe. Na sa hannu.

Yaya Rufa'i ya ce, “Inna lillahi.” Ya riƙe kai.

Jami'in ya ɗauki takardar ya duba ya daɗe. Ya ce, “Kin san abin da kika yi?” Na ce na gyara kuskuren rubutu, ya sayyid. Ruhu muke kira, Ruhu Mai Tsarki, kuma Lahadi mai zuwa ma zan kira shi.

Ya ce, “Wa ya kai miki saƙo daga ciki?”

Na ce ba kowa. Kwano kawai ke shiga ya fito, ku kuke bincika shi.

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wata takarda ya ajiye kusa da tawa. Iri ɗaya ce. A tsakiyar kalmar an soke ya, an rubuta wau, karkatacciya, mai ƙaton kai, irin rubutun mutumin da hannunsa ya fi sabawa da sifana. Layi na biyu an ja masa layi har biro ya huda takardar. A ƙasa ga sunansa, ga kwanan wata: shida ga wata. Kwana biyu da kama shi.

Tun ran shida. Ni ina nan ina yage kisra ina tunanin ni ce ke riƙe da wuyansa, ashe mutumin ya riga ya ba da amsarsa. Takardata suke jira su kai masa su ce ga shi matarka ma ta ce rihu ne.

Na sa yatsa a kan wau ɗinsa. Jami'in bai hana ni ba. Sai ya haɗa takardun biyu ya sa a fayil, ya ce magana ta fi ƙarfinsa yanzu, za ta tafi sama. Na ce abinci fa? Ya ce, “Ki ci gaba da kawowa, har ranar da aka ce ki daina.”

A waje muka taka ni da Yaya har kwanar kasuwa. Can ya ce, “Ku biyun mahaukata ne.” Idonsa ya cika. Ya juya ya shige cikin buhuna.

Alhamis, 22. Safe.

An karɓa.

Ban san ƙarshen abin ba. Ina jin tsoro, kada wanda zai karanta wannan ya ce ban ji ba. Amma na yi barci jiya har zakara ya yi cara ban sani ba, kuma da na farka ban ji kunyar kaina ba.

Inna ba ta zo ba.

Jumma'a, 23.

Ba ta zo ba. Na so in je, ƙafata ta kai ƙofa ta dawo. Me zan ce mata? Na yi mata alkawari da bakina.

Asabar, 24. Hantsi.

Ina yanka kayan miya sai ga ta, ba sallama. Na tashi zan durƙusa, ta ce zauna. Ta tsaya a kaina da sandarta.

Ta ce, “Rufa'i ya ce shi ma ya ƙi.”

Na ce shi ma, Inna.

“Tun kafin ke.”

Tun kafin ni.

Sai ta ce, “Taurin kan kakansa ne. Mutumin da aka ce masa jirgin hajji a Port Sudan sai baɗi, ya ce shi ba zai koma gida ba, ya zauna a nan har ya mutu.” Ta share ido da bakin mayafi. “Ban yarda da hanyarku ba, ki sani. Ba zan yarda ba har in koma ga Allah.”

Na ce na sani, Inna.

Ta jawo kujera ta zauna, ta leƙa tukunya, ta ga albasar da na yanka. Ta ce, “Shekara tara kina aurensa ba ki san ba ya cin albasa ba? Tun yana rarrafe yake tofar da ita.”

Na ce na sani. Da ita nake gane shi ne ya ci. In kwanon ya dawo da albasa a gefe, yana da rai.

Ta dube ni. Ta dubi kwanukan amud da na jera. Ta miƙo hannu ta ce, “Ba ni wuƙar.” Ta ɗauki albasa biyu manya daga kwando, ta yanka su ƙato-ƙato, yadda ba wanda zai kasa tsincewa, ta zuba a miyar.

Lahadi, 25. La'asar.

Tare muka kai, ni da ita. Ita ta riƙe amud ɗin a layi, ta ƙi ba ni.

An karɓa. Albasa ta dawo.

Na share rumfa, na jera kujeru bakwai. Inna tana ɗaki tana sallar la'asar. In ta sallame zan fara.